Kan Dale Lafiya Lau

Litinin, 3 ga Fabrairu, 7:10 na safe

Jesi goma sha bakwai, wando goma sha bakwai, safa ta ɓace ƙafa ɗaya. Duk na zuba a inji. Jinin da ke wuyan lamba takwas ya ƙi fita, sai da na jiƙa shi da gishiri yadda matata marigayiya Jean take yi.

Lamba takwas ta Dale ce. Ɗana, kyaftin ɗin kulob ɗin zari-ruga na garin nan, zakarun Ingila. Daɗin rubutawa nake ji, shi ya sa na rubuta. Ni na sa lambar nan shekara goma sha ɗaya, ko cokalin shayi ban ciyo ba, yanzu shekara ashirin da biyu ke nan ina wanke wa 'ya'yan wasu kaya. Saura kwana ashirin zakarun Ostireliya su sauka a filinmu, a san wane kulob ne zakaran duniya. Garin da aka rufe wa ramin kwal, aka rufe masaƙa, ko reshen banki ba a bar mana ba, shi duniya za ta zuba wa ido.

Jiya a wasan share fage kan Dale ya haɗu da gwiwar wani. Ya ɗan kwanta, ya tashi. An shiga da shi ciki, an yi masa gwajin buguwar kai, ya wuce. Kansa lafiya lau.

Laraba, 5 ga Fabrairu, 1:30 na rana

Tessa, matarsa, ta kira ni ina tsakiyar goge takalma. Wai ya yi amai sau biyu, wai ya sa butar shayi a firji. Na ce, “To sai me? Ni na taɓa yini ina neman tabarau yana kan hancina.”

Ta ce, “Len, na san abin da ka koya masa.”

Ka ji fa! Sai ka ce sata na koya masa. Kowane Nuwamba ana zaunar da 'yan wasa gaban kwamfuta a auna saurin kansu, kati ya juya ka danna, a ba ka kalmomi ka riƙe. Makin nan ake ajiyewa, ranar da ka bugu a sake auna ka a kwatanta. To wane wawa ne zai je ya zazzage duk basirarsa a Nuwamba? Ka yi sanyi-sanyi, ka ɓata biyu ko uku da gangan, ranar da ka bugu ko da rabin kai ka wuce. Ba ni na ƙirƙiro ba. Na dai gaya wa ɗana yadda kowane uba zai gaya wa nasa.

'Yar kudancin Ingila ce, ubanta likitan haƙori. Shekara bakwai a garin nan har yau in an kayar da mutum sai ta rufe ido.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 5:00 na yamma

Ya yi atisaye. Daga yau ni zan riƙa kai shi a motata, tasa tana da matsala.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 4:20 na yamma

Na ci abincin rana a gidansu. Naman ya bushe. Dankalin ma ba ta bari ya gasu ba, Jean da tana raye da ta tura mata shi gabanta. Labule a rufe da tsakar rana, sai ka ce gidan makoki.

Hattie, jikata, ta yar da cokali a kan tayil. Yarinya 'yar shekara biyar, cokali kawai. Dale ya daka mata wata tsawa, har gilashin kabad ya amsa. Ta shige ƙarƙashin tebur ta riƙe ƙafata. Shi kuma ya zauna yana kallon hannuwansa. Can ya ce a miƙo masa romo, alhali kwanon romon yana hannunsa.

Da zan tafi Tessa ta biyo ni bakin ƙofa, ta ja ta a bayanta. Ta ce, “Ka gani?”

Na ce, “Na ga naman ya bushe.”

Gajiya ce. Kyaftin ne, gari guda a wuyansa.

Talata, 11 ga Fabrairu, 2:15 na rana

Ta je ta yi. Wallahi ta je ta yi! Ta tsallake mijinta, ta tsallake koci, ta je ofishin likitar kulob ta zazzage komai, har da maganar Nuwamba.

Dakta Naylor ta same ni a ɗakin wanki. Mace ce mai hankali, ba ta ɗaga murya. Ta ce Dale ya musanta komai, kwamfuta ta ce ya wuce, amma maganar matar mutum ba abar yarwa ba ce. Ta ce, “Kai kake kai shi kake ɗauko shi kullum, Len. Ka ga wani abu?”

Na ajiye tawul ɗin da nake ninkewa, na yi kamar mai jin nauyi. Na ce, “Dakta, ban so in buɗe cikin gidan ɗana ba. Babu zaman lafiya. Tun bara take son su koma kudu. In ya buga wasan nan za a ƙara masa shekara biyu, ita kuma ta san haka.”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce ranar Litinin za ta gwada shi da kanta, baki da baki, ba kwamfuta. In ya yi tuntuɓe ko ɗaya, ba zai buga ba.

Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya. Ta taɓa cewa tana kewar teku.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 11:00 na safe

Magana ɗaya na yi wa Brenda, mai shayin kulob, ita ma don ta ga fuskata ta tambaya. Na ce akwai mai son hana kyaftin buga wasa, kuma a gidansa take kwana. Ban kama suna ba.

Brenda ta dafe ƙirji ta ce, “Haba dai! Wannan mai siririn hancin? Dama ni tun ranar biki na ce ba tamu ba ce.” Ta ƙara min fanke kyauta.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 6:00 na yamma

Garin nan bai mutu ba ashe.

Jiya Tessa ta shiga kantin kifi da dankali, ta tsaya a layi. Aka sallami na gabanta, aka sallami na bayanta, aka sallami wanda ya shigo yanzu. Minti ashirin tana tsaye da kuɗinta a hannu. Da ta yi magana mai kantin ya ce, “Kifin kudu ya ƙare, madam.” Da aka ba mu labari a mashaya sai da giya ta biyo min ta hanci.

Matan 'yan wasa sun cire ta daga zaurensu na waya. A ƙofar makaranta babu mai gaishe ta. Yau kuma an wayi gari an rubuta MACIYA AMANA da kan makulli a jikin motarta, tun daga ƙofar gaba har but. Ban sa kowa ba. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.

An ce wata yarinya ta hana Hattie zama kusa da ita a aji. Wannan kam ban so ba. Yara ne, za su manta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 3:40 na yamma

Na san abin da likitoci ke tambaya, shekara ashirin da biyu ina jin su ta bayan ƙofa. Watanni daga baya zuwa gaba. Lambobi a juye. Kalmomi a riƙe. Na faka motar a bayan tsohuwar masaƙa muka fara.

Disamba, Nuwamba, Oktoba. Sai ya tsaya. Muka sake. Disamba, Nuwamba, Oktoba. Ya tsaya. Ƙato mai shekara talatin da ɗaya, wanda mutum uku ba sa iya kayarwa, yana motsa leɓe kamar ɗan aji ɗaya.

Ya ce, “Baba, ji nake kamar an cika min kai da ruwa. Ko dai Tessa tana da gaskiya?”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, “Tessa ce za ta zauna a garin nan bayan ka zauna a benci? Shekara talatin za ka shiga mashaya ana sunkuyar da kai. Ni na sani. Ni an karya min muƙamuƙi a minti na goma, na gama wasa da shi a karye, kuma ba a ba ni komai ba. Kai an kawo maka duniya har ƙofar gida kana min maganar ruwa. In tsoro kake ji ka faɗa, in je in gaya wa koci ban haifi namiji ba.”

Ya juya yana kallon bango. Kafaɗunsa na rawa. Na ƙyale shi ya gama.

Sau arba'in da wani abu muka yi. Daga ƙarshe na sa masa su a kan waƙar da 'yan kallo suke yi masa, sai suka zauna daram.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 12:05 na rana

Ya wuce. Kansa lafiya lau, likita ma ta sa hannu.

Talata, 18 ga Fabrairu, 9:00 na safe

'Yan Ostireliya sun sauka. Daga zafin bazara suka fito, kowa da hular ulu da safar hannu, suna rawar ɗari kamar kajin da ruwa ya daka. Allah ya ƙara ruwan sama. Tikiti ya ƙare tas.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 1:00 na rana

Tessa ta zo ɗakin wanki. Ta rame, idanunta sun faɗa, ko gashi ba ta taje ba. Ta tsaya tsakanin kwandunan kaya ta ce, “Len, ban zo faɗa ba. Roƙonka na zo yi. Jiya ya tsaya a saman bene ya tambaye ni ina banɗaki yake. A gidansa, Len. Shi da hannunsa ya shimfiɗa tayil ɗin banɗakin.”

Na ce ina da aiki.

Ta ce, “Motar ba ta dame ni ba. Kifin bai dame ni ba. Su zage ni har in mutu. Kai kaɗai yake jin maganarka. Ka ce masa ya isa.”

Na ce, “In ba za ki iya auren ɗan wasa ba, hanyar kudu a buɗe take, ba a sa mata shinge ba.”

Sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ta ce, “Wasanka ne ai. Kansa kawai ka ara.”

Na kunna injin busar da kaya, babban, mai ƙara. Ina ganin bakinta yana motsi. Ta yi kusan minti biyar kafin ta fita.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 4:30 na yamma

Baƙin sun yi atisaye a filinmu. Mai kula da kayansu, wani jan dattijo mai surutu, ya zo aron famfon iska. Muna hira sai ya ƙwanƙwasa gefen kansa da yatsa, ya kashe min ido. Ya ce, “Yaya kan kyaftin ɗinku, abokina? Mun je sayen kifi jiya, duk layin maganar ake. An ce matarsa ta ce ya zama ƙwai.”

Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce, “Madalla. Yaranmu za su duba mana.”

Ban iya cin abincin rana ba.

Laifinta ne. Da ta yi shiru da babu wanda ya ji.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2:00 na rana

An raba jesi. Al'adarmu ce, kafin babban wasa ba ka ɗaukar rigarka a kan ƙusa, wani naka ne zai miƙa maka a gaban kowa. Wasu matansu suka miƙa, wasu iyaye mata. Tessa ba a gayyace ta ba. Koci Sutcliffe ya ce, “Lamba takwas. Len, ajiye kwandon nan ka zo.”

Na shirya magana, ta gudu. Na dai miƙa masa na ce, “Ka kai ta inda ban kai ta ba.” Ɗakin ya ɗauki tafi. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba, ko ranar aurena, Jean ta yafe min.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 1:20 na rana

Ƙarfe uku za a fara. Ni na ɗaure masa filasta a wuyan hannu, a ɗakin wanki, ƙofa a rufe. Na rubuta masa kiraye-kirayen wasa, kalmomin da kyaftin ke ba da umarni da su a fili, a kan ta hagu da ƙananan baƙaƙe, don dai tsaro. A ta dama kullum sunan 'yarsa yake rubutawa, yara da yawa suna haka.

Ya karɓi alƙalamin ya ɗora a kan filastar. Ya tsaya. Ya ce, “Baba, rubuta min. Sunan... yarinyar.”

Na rubuta HATTIE. Ya karanta a hankali, ya gyaɗa kai.

Hayaniya ce ta yi yawa. Tun daga nan ana jin su suna rera sunansa.

Litinin, 24 ga Fabrairu, 8:00 na safe

Sha huɗu da sha biyu. Mu ne zakarun duniya.

Zan rubuta wasan yadda ya kasance. Su suka buga ƙwallon farko, kuma kowa ya san aikin lamba takwas ne ya karɓa ya ruga cikin bangonsu. Mutum uku suka tare shi, duk a sama, ba wanda ya nemi ƙafa. Ya tashi. Haka suka yi ta yi, a kowane karo kafaɗa sai ta zame ta sami haɓa. Ina bakin layi da gorar ruwa ina jin lamba gomansu yana ce masa, “Ina kake, kyaftin? Ka san sunanka?”

Minti na hamsin da biyu ya faɗi bai sa hannu ya tare ƙasa ba. Na riga kowa isa, ni da gwiwoyin nan nawa. Idonsa a buɗe. Ina ganin Dakta Naylor tana tahowa da gudu daga ɗaya gefen. Na sa masa gora a baki, na sunkuya a kunnensa na ce, “Filinmu ne. Zagaye na biyu. Su suka ci na ƙarshe. Sha biyu da takwas. Maimaita.” Ya maimaita. Ta iso ta tambaye shi, ya amsa mata duka huɗu. Ta kalle ni. Na ci gaba da goge masa fuska.

Saura minti shida ya ja mutum biyu a bayansa, ya saki ƙwallo da hannu ɗaya, yaronmu ya shige ƙarƙashin sanduna. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Manyan maza suna kuka a wuyan juna. Ya ɗaga kofin, na gani da idona, duniya ta gani.

A ɗakin canja kaya ya zauna da lambar yabo a wuya, ya ce fitila ta yi haske. Sannan ya jingina da kafaɗar na kusa da shi kamar mai barci. Suka yi ta dariya suna zuba masa giya a ka. An ɗan jima kafin wani ya lura ƙafarsa tana fizga.

Sauran ba na wasa ba ne.

Litinin, 24 ga Fabrairu, 3:00 na yamma

An gama yi masa tiyata a ka. Sun ce a jira. Tessa ta gaya wa ma'aikatan asibiti kada a bar ni in wuce ƙofar gilashi.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 5:45 na yamma

An zaga gari da kofin a saman buɗaɗɗiyar bas. An rataya jesinsa a gaba. Brenda tana ta rabon kati a sa hannu, a kai wa “baiwar Allah Tessa”. Mai kantin kifi ya aika mata furanni. A mashaya na shiga aka yi tsit, wani ya matsar da kujerarsa.

Dakta Naylor ta ajiye aiki. Ta wuce ni a farfajiya ta kau da kai. Da ma ta zage ni.

Asabar, 1 ga Maris, 10:00 na safe

Ya farka. A bakin Sutcliffe na ji.

Alhamis, 6 ga Maris, 4:10 na yamma

Tessa ce ta kira ni da kanta. Ta ce in zo ƙarfe biyu. Na sa kwat.

Ta tare ni a bakin ɗakin. Ta ce, “Kada ka ɗauka na yafe ne. Akwai tambayar da yake yi, kwana biyar ina amsawa, na gaji. Taka ce. Shiga ka amsa.” Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta harɗe hannu.

An aske masa rabin kai. Hannunsa na hagu yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya ce, “Baba! Ƙarfe nawa za a fara?”

Na ce, “An yi, ɗana. Kun ci. Sha huɗu da sha biyu. Kai ka ɗaga kofin.”

Ya ce, “Ni? Na buga?” Na nuna masa hoto a waya. Ya yi ta kallo, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne, yana cewa, “Kai, Baba. Kai, Baba.” Wata nas ta shigo ta duba robar hannunsa ta fita. Ya bi ta da kallo, ya juyo, fuskarsa ta sake washewa.

“Baba! Ƙarfe nawa za a fara?”

Na waiwaya. Ta ce, “Amsa masa.”

Sau shida na gaya masa. Sau shida ya yi kukan nan sabo fil. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a fili ba, na ji na tsani muryata. A na bakwai bakina ya ƙi. Na ce, “Gobe ne, Dale. Ka huta.”

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya leƙa ƙofa, ya ga matarsa, sai ya yafito ni da hannun da ke motsi. Na sunkuya. Ya rage murya.

Ya ce, “Baba, kaina yana ciwo sosai. Kada ka gaya wa likita, za su hana ni.”

Na ce ba zan gaya ba.